Yadda Ake Saukowa Daga Katanga Idan Taswirar Waya Ta Ɗora Ka

Kai mai riƙe da wayar nan, gyara zama. Abin da zan koya maka ba a makaranta ake samunsa ba, don ni ban taɓa shiga aji ba sai ranar da aka kira ni gyaran rufinsa. Magini ne ni, shekara hamsin ina riƙe da cokalin gini. Yanzun ma faɗa nake yi wayar tana rubutawa, inda ta yi taurin kai 'yata ta gyara mata zama.

Turke ake kirana a unguwa, kuma sunan ba gadonsa na yi ba, da jikina na saye shi. Gada ta karye ina kanta, na fito da kifi a aljihu. Rijiya ta rufta da ni, da aka tono ni sai da na yi wa masu tonon faɗa kan yadda suke riƙe shebur. Bene ya rushe ina hawa na biyu, muka sauko tare da shi ina tsaye. Likitoci biyu sun ce ba zan ga wata damina ba, dukansu na je wa iyalansu ta'aziyya. A duk wannan, babu mahaluƙin da ya taɓa ganin ƙeyata ina gudu.

To, in taswirar nan ta waya, mai nuna tituna da hoton ƙofar gidan kowa, ta kama ka a halin da ba ka so, bi matakan nan takwas ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci, ka rubuta ka ajiye: za ka fita da mutuncinka cif, ko dai da wani abu da ya yi kama da shi in an hango daga nesa.

Mataki na ɗaya: Ka san ranar da motar hoto za ta bi layinku

Ba za ka sani ba. Ba ta hon, ba ta sallama. 'Yar farar mota ce da wani dunƙule a kan rufinta mai idanu ta ko'ina, tana tafe a hankali kamar mai neman gidan haya.

Ni ranar da ta zo, da hantsi ne, na fito za ni shagon abokina Tela. A layinmu akwai gidan mai walda, shi kuma yana kiwon talotalo, namiji, wanda in ya baje wutsiya sai ya tare ƙofa. Ni da tsuntsun nan ba mu da tsohuwar gaba. Jar hula kawai na sa, shi kuma ya ɗauki abin da zafi.

Ba zan ja maganar ba. Ya matso, na ba shi hanya. Ya ƙara matsowa, na ƙara ba shi hanya. Ina cikin ba shi hanyar nan sai na ga ashe ta kai ni saman katangar mai walda. Takalmina ɗaya ya zaɓi ya tsaya a ƙasa. Na dubi gabas, na dubi yamma, titi fayau ba kowa, sai wata farar mota da ta gifta. Na yi hamdala, na jira tsuntsun ya gaji da sintiri, na sauko na kaɗe wando.

Ka riƙe wannan daga bakina: a zamanin nan, in ka ga titi ba kowa, to lokacin ne ya kamata ka gyara hula.

Mataki na biyu: Kada ka yarda a nuna maka gidanku a waya

Ka san gidanku. Kai ka gina shi. Me za ka je nema a cikin gilashi?

Bayan wata huɗu 'yata, mai aiki a kantin magani, ta zo gida da mijinta. Tana so ta koya wa uwarta yadda za ta aika wa mai kawo tukunyar gas alamar gidanmu, don kullum sai ya ɓata ya kira yana tambayar wace bishiya. Abin ba wuya, ni ma na iya a zama ɗaya. Ka rubuta sunan layinku, ko ka faɗa da baki. Ka ɗora yatsu biyu a kan gilashin ka buɗa su, gari ya matso. Ka taɓa titin, sai ga ka tsaye a tsakiyarsa, kana juya yatsa gidaje suna juyowa.

A nan za ka ce a tsaya. Ni ban ce ba. Ina ta jin daɗi ina nuna musu gine-ginena, har na ce wa 'yata ta juya hagu su ga katangar da na yi wa mai walda, wadda ko gashi ba ta tsage ba.

Ta juya. Ga katanga. Ga ni a kanta, gwiwa a ƙirji, baki buɗe, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ga talotalo a ƙasa ya ɗaga kai.

Abin da ya fi ci mini rai, fuskar talotalon a shafe take, dishi-dishi, tawa kuwa tar, har haƙorin da ba ni da shi ana ganin gurbinsa. 'Yata ta ce wai na'urar kamfanin ce ke shafe fuskokin mutane da kanta don kare mutuncinsu. Wato na'urar ta dube mu mu biyu, ta yanke hukuncin wane ne mai mutunci.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Surukina, yaro mai ladabi, ya nemi izini ya fita tsakar gida, muna jin wani irin tari yana kama shi har ya dafa tankin ruwa.

Mataki na uku: Ka zaɓi bayani ɗaya, ka kafe a kansa

Kada ka ce ba kai ba ne. Kada ka ce haɗa hoton aka yi. Masu ƙaramar zuciya ke wannan. Ka dubi hoton da kyau kamar kana neman aibu a aikin wani, sannan ka ce abin da na ce: duba aiki nake yi.

Kowane magini na ƙwarai yana komawa ya duba gininsa bayan shekara goma. Kuma ta sama ake duba katanga.

Tsohuwata ta share hawaye ta tambayi batun takalmin. Na ce da tafin ƙafa ake jin lafiyar siminti. Ta tambayi bakin da ke buɗe. Na ce mai walda nake kira in ba shi sakamako. Ta ce to shi talotalon fa, lebura ne?

Na gyara zaman hulata. Ba kowace tambaya ce ta kai a ba ta amsa ba, musamman wadda aka shekara arba'in da biyar ana jiran ranar yin ta.

Na roƙi 'yata da mijinta maganar ta tsaya a ɗakin. Sun yi alkawari, kuma sun cika. Ba su san tsohuwata ta riga ta iya aika alamar wuri ba. Darasin da aka zo koya mata ke nan, ta kuwa koya.

Mataki na huɗu: Ka nemi shaida wanda ba ya gani

Kafin mako ya zagayo, mai kawo gas ya gani, mai aski ya gani, direbobin tasha sun gani. In na wuce sai in ji wani yana ƙugi a maƙogwaro irin na tsuntsun. In na waiwaya kowa yana duban sama.

Amma suna ba a bakin taro yake zaune ba, a bakin mutum ɗaya yake, mai ba da labari. Nawa mai ba da labarin Tela ne. Tun muna da baƙin gashi muke tare. Yana bakin rijiyar ranar da aka tono ni, shi ya ɗinke rigar da na sauko da bene a cikinta. Duk wanda ya san labarin gada, a bencin shagonsa ya ji shi, kuma kowace shekara kifin yana ƙara girma.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe wa Tela ido biyu. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Da lalube yake ɗinki, ya san kekensa kamar yadda ka san hanyar bakinka, sai dai zare a allura ya gagare shi, sai ya jira wani ya shigo. Asibitin gari sun rubuta sunansa a layin da ba a hango ƙarshensa.

Masu tsegumi suka yi ta kai masa waya har gaban hanci. Su kwatanta masa takalmin, su kwatanta masa bakin. Shi kuwa ya ci gaba da taka keke, ya ce:

“Turke bai taɓa gudu ba. Sai na gani da idona.”

A yi dariya, a watse. Amma maganar tana tsayawa. Muddin Tela yana faɗin haka, sunana yana nan, ko da a kan ƙafa ɗaya ne kamar mai shi.

Saboda haka ka nemi irin wannan shaida, ka riƙe shi da kyau. Ka riƙa zuwa kana sa masa zare a allura.

Mataki na biyar: Ka gane manhajar sadaka kafin ta gane ka

A daidai lokacin ne wata manhajar hira ta shigo unguwa. Kamar sauran take, ka aika rubutu, ka aika murya, ka aika hoto. Bambancinta ɗaya: duk saƙon da ka tura, kamfanin yana jefa wani ɗan abu a asusun wata ƙungiyar likitocin ido, masu yawo da babbar mota suna cire wa mutane yanar ido kyauta. Kai ba ka ba da komai, surutunka ne sadakarka. Suka kuma sanar cewa unguwar da ta fi kowa saƙo a watan, can motar za ta fara tsayawa.

Ga yadda ake samun lada a cikinta, na gani da idona. Kada ka rubuta “ina kwana” a haɗe. Ka tura “ina”, ka tura “kwana”, ka tura alamar tambaya ita kaɗai. In an gaishe ka, ka amsa, ka tambayi gida, sannan ka bi mutanen gidan ɗaya-ɗaya har kyanwa.

Sai dai gaisuwa tana ƙarewa. Unguwa tana bukatar abin magana, kuma abin maganar yana kan katanga.

Aka buɗe guruf, wato zauren hirar unguwa a manhajar, aka sa hotona a goshinsa. Mutanen da suka shekara goma ba sa ga maciji saboda rigimar kwata suka shirya a kaina. Wani ya zana mini fukafukai. Wani ya ɗora ni a kan hasumiyar ruwa. Wani mara aikin yi ya je taswirar ya kafa jan tambari a wurin ya sa masa suna Katangar Turke, mutane suka yi ta ba ta taurari biyar suna rubuta cewa wurin yana da iska, kuma ana hawa da sauri. Masu kawo kaya a babur suka daina tambayar bishiya, sai ka ji suna cewa sun iso wajen tsohon.

Na tare mai aski na ce ya ji tsoron Allah. Ya ajiye almakashi, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma abin yana damunsa, amma ya za a yi, aikin lada ne.

Ka lura da wannan. Zagi na da, in ka kai ƙara ana ba ka haƙuri. Na yanzu, mai zagin ne ke jiran ka gode masa.

Mataki na shida: Ka yaƙi taswirar ta duk hanyar da ka sani

Na fara da fenti. Na sayi shuɗi na shafe katangar tas, don in an zo a ga ba ita ba ce. Na koma gida na buɗe waya, tana nan da tsohon launinta, ina kanta.

Na je in sayi talotalon, da niyyar da kai ma ka sani. Mai walda ya ce ko da mota za a ba shi ba zai sayar ba, tun da tsuntsun ya yi suna aikin ƙofofi ya yi masa yawa.

An ce mini akwai wani tauraro a sama da ke taya su ɗaukar hoto. Na hau rufin gidana da tsakar rana, na sa babbar riga, na tsaya ƙiƙam na awa biyu ina kallonsa ido cikin ido, don ya sami hoton kirki ya musanya. Abin da na samu jiri ne.

Har matar da ke magana a cikin taswirar na yi wa magana, mai cewa a juya dama a juya hagu. Na gaya mata ko ni wane ne, na ba ta labarin gada. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in miƙe mita ɗari biyu.

Daga ƙarshe 'yata ta tausaya mini. Ta ce ai akwai fom a ƙasan kowane hoto, in ka kai kuka sukan shafe mutum ɗungurungum cikin kwana biyu. Ta cike mini komai, ta nuna mini wani koren maɓalli, ta ce wannan kawai zan danna.

Tana sa mayafi za ta tafi, ta ce, kamar ba da wata manufa ba:

“Baba, ka san Baba Tela ne na uku a sunayen da muka tura wa likitocin idon? In motar ta zo nan. Amma 'yan bayan layin dogo sun wuce mu tun shekaranjiya. Mutane sun fara gajiya da hoton.”

Saura kwana uku wata ya ƙare.

Mataki na bakwai: Kada ka danna koren maɓallin

Na sa wayar a aljihu na nufi shagon Tela, yatsana a kan maɓallin. Lissafina ya fita sarai. In na danna, hoto ya tafi. In motar likitocin ta wuce bayan layin dogo, shaidata ya zauna yadda yake, yana cewa sai ya gani, har ƙasa ta rufe mu. Ban taɓa samun gini da ya tashi daidai haka ba.

Na tarar da wata mata a tsaye da rigar makarantar 'yarta. Tela ya ɗinka aljihun a baya, tsakanin kafaɗu. Ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe rigar, ta karɓi sauran yadinta da ke kan tebur, ta ce Allah ya ƙara lafiya. Da ta fita, ya yi ta shafa wurin da yadin yake. Sannan ya miƙo mini allura ya ce in sa masa zare, ko da yake ba abin da ya rage da za a ɗinka.

Na sa masa. Sau huɗu ina kuskure, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Yanzu ka saurari dabarar yaƙi, don ba tausayi ba ne, kada wani ya gaya maka haka. Namiji ba ya goge abokin gaba da fom. Da na koma gida na danna wurin murya a guruf, na sanar da unguwa cewa ranar Asabar da hantsi, ni Turke zan sa jar hula in je ƙofar mai walda, in tsaya. Na kafa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya fito. Duk mai son kallo ya zauna a ɗakinsa. Akwai wani wuri a taswirar da in ka taɓa, kowa a guruf zai ga ɗigo shuɗi yana tafiya, kai ne ɗigon. Ta nan za a kalla.

In sun fito titi, da baki za su yi surutu, na baki kuwa ba ya shiga asusun kowa. Ka ga aikin ilimin da ba na aji ba.

Asabar ta zo. Na fito, titi tsit, labulen kowace taga yana motsi. Wayar a aljihuna tana ta ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano. 'Yata ta karanta mini saƙonnin daga baya. Ɗigo ya fito. Ɗigo ya wuce shagon aski. Ɗigo ya rage sauri. Ɗigo ya tsaya yana tunani. Ɗigo ya isa.

Mai walda ya buɗe ƙofa ya koma ciki.

Gaskiya zan faɗa maka, tun a gida na shirya cewa zan ɗan ja da baya da gangan, taku biyar ko shida, don a sami abin rubutawa. Abin da ban shirya ba shi ne ƙafafuna su riga ni yanke shawara. Tsuntsun nan ya ƙara ƙiba tun da ya yi suna. Na nufi katanga, na tuna sabon fentin yana da santsi, na miƙe titi.

An ce ɗigon ya wuce kantin magani kamar an harba shi. Ya zaga shataletale sau biyu. Taswirar da kanta ta cire hoton mai tafiya a ƙasa ta sa na mai babur, matar ciki tana ce mini in kula da iyakar gudu. Wandona ya kama ƙusar wani teburin mai kayan miya ya bar rabinsa a can. Ban tsaya ba sai da na tsallake layin dogo na faɗa tsakiyar unguwar abokan takararmu, na rungume sandar fitila.

Su kuma da suka ga tsoho ya shigo musu da jar hula da rabin wando, sai suka yi ta roƙon a sa su a guruf ɗinmu su ji abin da ya faru. Duk abin da suka rubuta kwana biyun nan, a lissafinmu ya shiga.

Mataki na takwas: Ka raka shaidarka, ka tsaya a inda zai gan ka

Motar likitocin ta zo ranar Laraba, ta tsaya a filin makaranta. Ni na riƙe hannun Tela har bakin matakalarta. Aikin bai kai daɗewar aski ba. Washegari aka ce a dawo a cire bandeji.

Za ka ji zuciyarka tana ce maka ka yi tafiya, ka je duba wani gini a wani gari. Kada ka bi ta. Ni na tsaya a gabansa cikin rumfar likitoci, ni da 'yata. A waje kuwa rabin unguwa ne, kowa da waya a hannu, ana jiran mutumin da ya ce sai ya gani.

Malamar asibiti ta ɗaye bandejin. Tela ya yi ta ƙifta ido. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa. Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Turke, haka ka tsufa ba ka gaya mini ba?”

Na ce shi ma ya nemi madubi. Ya miƙa wa 'yata hannu, ta dube ni, na ce ta ba shi wayar. Ta buɗe masa katangar, ta nuna masa yadda ake buɗa yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya matso da takalmin, ya matso da bakin, ya matso da tsuntsun mai shafaffiyar fuska. Malamar ta gargaɗe shi kada ya yi dariya mai ƙarfi saboda aikin, sai ya riƙe cikinsa da hannu ɗaya.

Na ce masa duba aiki nake yi.

“Turke,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, “taku ashirin ne daga shagona zuwa katangar nan. Ido ne ba ni da shi ranar, kunnena lafiya lau. Ina jin ka kana kiran Inna, matar da ta shekara talatin a ƙasa.”

Na tambaye shi to me ya sa ya yi ta cewa sai ya gani. Ya ce ai bai yi ƙarya ba, bai gani ba. Ya mayar wa 'yata wayar, ya ce in kawo masa wandon ranar Asabar, da rabin da ke wajen mai kayan miya, shi zai fara ɗinkawa, kuma kada in kuskura in taɓa masa allura.

Muka fito. Mai aski ne ya fara tambaya ko ya gani. Tela ya sa hannu ya kare idonsa daga rana, ya bi fuskokinsu ɗaya-ɗaya, waɗansu yau ya fara ganinsu.

“Na gani,” ya ce. “Na ga mai shekara saba'in da shida ya hau katangar da ta fi shi tsawo da tsalle ɗaya, da takalmi ɗaya. Ga katangar can. Wanda zai iya a cikinku ya je ya hau, in kalla, yanzu ina da abin kallo.”

Kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Mai walda ne kaɗai ya gwada, da yamma, da ya ɗauka ba mai ganinsa. Har yanzu da sanda yake zuwa aiki.

Tun daga ranar labarin katanga ya shiga layin gada da rijiya a bencin Tela. A makon jiya na ji ta kai tsayin mutum biyu, talotalon kuma sun zama uku.

Sanarwa ga duk wanda ya bi matakan nan

Ni na faɗa, waya ta rubuta, kai ka karanta da idonka, ba wanda ya tilasta maka. In ka bi shawarata tsuntsu ya cim maka, tsakaninku ne. In gwiwarka ta goce, in wandonka ya tafi, in matarka ta koyi aika alamar wuri, kada a doshi ƙofata. Ban san kamfanin taswira ba, ban san na manhaja ba, matar cikin wayar ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ba ta amsawa.

Wanda kuma ya zo yana ƙorafin cewa ya karanta har ƙarshe bai ga inda aka sauko daga katangar ba, ya buɗe taswira ya duba layinmu. Ina can a sama har yau, koren maɓallin yana aljihuna. Ni na gina ta, kuma zan sauko ranar da na gama dubawa.